Kafin a Rubuta Magani: Darasin Halayyar Ɗan Adam a Bakin Iyakar Jibiya

A makarantun koyon aikin lafiya akwai darasin da ɗalibi ke kwana yana bita don tsoron faɗuwa, akwai kuma wanda yake shiga don kawai a ga fuskarsa. Darasin sassan jiki da na magunguna suna rukunin farko. Nawa darasin, ilimin halayyar ɗan Adam, wanda yara ke kira saikoloji, yana rukuni na biyu. A shekarar farko ake yin sa, sa'o'i kaɗan a mako, galibi da tsakar rana sa'ad da yunwa ta fara taɓa kowa. Ɗalibi ya haddace cewa Wilhelm Wundt ne ya buɗe ɗakin gwajin farko na wannan fanni a birnin Leipzig na Jamus a 1879, ya haddace karnukan Pavlov da matakalar buƙatu biyar ta Maslow, ya juye su a takardar jarrabawa, ya kakkaɓe hannu. Kafin ya kai shekarar ƙarshe ko sunan littafin ba ya tunawa.

Ni 'yar Jibiya ce. Na yi aikin jinya kafin in koma aji, yanzu kuma ina koyar da wannan darasi ga masu shirin zama ma'aikatan jinya da ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda ake kira CHEW. Idan lokacin sanin makamar aiki ya yi, nakan bi ɗalibaina zuwa ƙananan asibitocin da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Abin da na gani a can ya tsayar da ni kan ra'ayi ɗaya. A wuri irin namu babu darasin da malamin asibiti zai yi aiki da shi kullum, tun daga buɗe ƙofa har rufewa, kamar wannan da ake rainawa. Sai dai ba zai amfane shi ba muddin daga Leipzig muke farawa. Daga bencin jiran ganin likita ya kamata a fara, sannan a je wa littafi da tambayoyin da aka taso da su daga can.

Bari in faɗi su wane ne ke zaune a kan bencin. A Magama, 'yan kilomitoci daga cikin garin Jibiya, nan shingen kwastan da na jami'an shige da fice suke. Kana ƙetarawa ka shiga ƙasar Madarumfa a Nijar, ga Ɗan Isa nan kusa, gaba kuma Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na da suka kafa bayan jihadi ya raba su da birninsu a farkon ƙarni na 19. Harshenmu ɗaya, muna auratayya, muna cin kasuwar juna. Mace ta yi aure a wannan ɓangare, ta je wankan jego gidan iyayenta a wancan. To mutanen nan, dubi abin da ya bi ta kansu cikin 'yan shekaru. A Yulin 2018 ambaliya ta shigo Jibiya cikin dare, ta kashe mutum sama da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Direba da ɗan dako da ɗan canji da mai tuwo a tasha duk suka zauna hannu rabbana. A ƙarƙashin wannan duka ga 'yan bindiga: ƙauyuka sun tashi, a 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Waɗannan abubuwa ba a labaran rediyo suka tsaya ba. Sun shiga jikin mutane, jiki kuwa idan ya gaza asibiti ake kawo shi.

Wata safiya wata mata da ba za ta wuce shekara arba'in ba ta zauna gaban wani ɗalibina. Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ce, “Inna, me ke damun ki?” Ta ce kanta na ɗaukar zafi, gabanta na faɗuwa, wani abu na yawo a jikinta daga wuya zuwa ƙafa, abinci ba ya shiga. A ledar da ta riƙe akwai katunan asibiti na nan da na ƙetare, wasu da Turanci wasu da Faransanci, ga kwalayen maganin kemis. An yi mata maganin taifot, an yi na olsa, an yi ƙarin ruwa. Yaron ya ɗauki biro zai rubuta gwajin maleriya da awon hawan jini, kuma daidai ne ya rubuta, don ba a wasa da su a nan. Na ce masa kafin ta tashi ya ƙara tambaya biyu: yaya barcinta, kuma me ya faru a gida kafin ciwon ya fara. Ta yi shiru har yaron ya fara waiwayo na. Can ta ce tun daren da aka zo aka tafi da maigidanta ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba. An sayar da shanu da gona an karɓo shi, yana nan da ransa, amma ita ko kukan babur ta ji da dare sai dai ta tsinci kanta a tsaye tsakar ɗaki, jiki na ɓari.

Da muka koma aji, da wannan matar na koyar da Pavlov. Abin da mutumin nan na Rasha ya nuna, sama da shekara ɗari da suka wuce, shi ne idan aka yi ta haɗa wata ƙara da abinci, kare zai riƙa zubar da yawu da jin ƙarar ko babu abincin. Jiki ya koyi haɗa abu biyu ba tare da ya shawarci hankali ba. Tsoro kuwa ya fi abinci saurin kamawa, dare ɗaya ya isa. Babura ne suka kawo maharan, sai ƙwaƙwalwarta ta ɗaure kukan babur da mutuwa. Da zarar ta ji shi, jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya ragu a ciki ya koma damatsa da cinyoyi don a gudu ko a yi faɗa. Wannan shiri ne da Allah ya yi wa jiki don ceton rai na ɗan lokaci. Idan ya ƙi sauka wata da watanni, shi ne ciwon kan, shi ne zafin cikin, shi ne faɗuwar gaban. Ciwonta na gaske ne. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma raki ba ne. Abin da aka yi ta yi wa magani ne ba shi ne ciwon ba. Abin da ɗalibin ya iya yi mata ranar ba shi da yawa. Ya bayyana mata yadda tsoro ke zama a jiki, ya koya mata jan numfashi a hankali idan abin ya taso, ya roƙe ta ta daina sayen magani barkatai, ya ba ta ranar dawowa, ya sanar da shugaban asibitin. Amma karo na farko ke nan da ta fita asibiti da sanin abin da ke damun ta.

Tambayoyin nan biyu ba su ci minti uku ba, kuma a nan gardamar take. Kowace shekara sai an samu mai ɗaga hannu ya ce, “Malama, layi har bakin titi, ma'aikaci ɗaya, ina lokacin hira?” Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma akwai bincike biyu da nake kawo musu. A 1984 wasu masu bincike a Amurka, Beckman da Frankel, suka naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 kacal likita ke katse mai kawo kuka. A 2002 aka buga wani daga birnin Basel na Suwizalan, inda aka ce likitoci su bar mutum ya kai aya. Matsakaicin lokacin da ya ɗauka kusan minti ɗaya da rabi ne, yawancin mutanen kuma sun gama kafin minti biyu. Wanda aka katse kuwa zai dawo mako mai zuwa da kukansa na farko, ya ƙara wa layin nan tsawo.

Shi ya sa aikin farko da nake ba su shi ne su zauna bibbiyu, ɗaya ya faɗi wata damuwarsa ta gaske, ɗayan ya saurara minti biyu: ba nasiha, ba “ka yi haƙuri”, ba “ni ma ya taɓa faruwa da ni”. Abin yana yi musu wuya ƙwarai, don mu mutane ne masu saurin ba da haƙuri, kuma hali ne mai kyau da ba na so su rabu da shi. Sai dai haƙurin da aka bayar kafin mutum ya gama magana yakan rufe masa baki.

Akwai kuma abin da littafin da ya zo daga waje ba zai koya musu ba. Amarya mai cikin fari ba za ta buɗe baki gaban uwar mijinta ba, balle ta ce tana kuka da dare ko tana tsoron haihuwa. Tsohuwar ce za ta amsa duk tambayoyin. Ɗalibi mai zafin kai zai ce mata ta fita waje, ya jawo wa yarinyar baƙin jini a gidan miji. Wanda ya iya aikin zai fara sauraron tsohuwar, ya gode mata, sannan ya ce, “Inna, don Allah ki taimaka ki karɓo mana sakamakon gwajin nan, kafin nan mu auna ta.” A 'yan mintocin nan ake jin gaskiyar magana. Magidanci shi ma ba zai ce yana cikin damuwa ba. Zai ce ƙarfinsa ya ragu, ko bayansa ke ciwo, sai an bi shi a hankali a ji cewa motar da yake ja ta shekara a ajiye, kuma yana jin nauyin haɗa ido da iyalinsa idan gari ya waye.

Babin tunawa da mantuwa, wanda ɗalibai ke gani tamkar ba ruwansa da jinya, yana daga cikin masu ceton rai. Bincike ya nuna marasa lafiya suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin da aka yi musu a asibiti nan take, kuma mai tsoro ya fi kowa mantuwa, don hankalinsa na kan numfashin ɗansa, ba kan bakin malamin asibiti ba. Idan ka ce wa uwa “kin gane?”, za ta ce ta gane, don kunya da ladabi. Ina koya musu su daina wannan tambayar. Su faɗi abu uku kawai, mafi muhimmanci a farko. Su ɗaura shan magani a kan abin da ba a mantawa: bayan asuba, bayan azahar, lokacin kwanciya. Sannan su ce, “Idan kin koma gida maigidan ya tambaye ki yadda za a ba yaron, me za ki ce masa?” A amsarta za ka ji ko cokali ɗaya ta ji ko biyu.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne ɗakin yara masu tamowa. A Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ƙungiyar tana aiki a ɓangarorin iyakar biyu, a Katsina da kuma Madarumfa, iyaye mata kuma sun daɗe suna tsallakawa da goyonsu duk inda suka ji akwai magani. Ɗalibaina sun iya zagaya ma'aunin nan mai launi uku a damtsen yaro, sun san ƙasa da santimita 11.5 ja ne, sun san adadin ledar abincin gyaɗa da za a bayar gwargwadon nauyi. Abin da ba su sani ba sai an nuna musu shi ne fuskar yaron. Yaro mai tamowa yakan daina dariya, ya daina miƙa hannu, har kuka ya rage. Uwa da ta yi ta yi masa wasa bai amsa ba, ita ma ga yunwa ga gajiya, sai ta daina. Shi kuma yaron da ba a kula shi sai ya ƙara janyewa, cin abincinsa ya ƙara raguwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da yaro da nuna masa ƙauna cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani, a jere ɗaya da maganin sanyin jiki da na ƙarancin sukari.

Hujjar wannan tana da ƙarfi. A shekarun 1980, a birnin Kingston na Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yaran da rashin abinci ya tsumbure, suka riƙa tura ma'aikatan lafiya gidajen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinsu su nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa yi masa magana, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin ɗari. Gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, da uwa mai kiran sunan ɗanta tana kallon idonsa: wannan bai fi ƙarfin kowane asibiti a Jibiya ba.

Amma uwar da za ta yi wasan sai tana da sauran ƙarfin rai. Na sha jin ma'aikaci ya ɗaga murya gaban mutane: “Ke wace irin uwa ce, kika bar yaro ya kai haka?” Ba na jin akwai kalmar da ta fi wannan korar mata daga asibiti. Masana halayyar zamantakewa sun daɗe da lura cewa ɗan Adam idan ya ga gazawar wani sai ya ɗora ta a kan halinsa, idan tasa ce sai ya ɗora ta a kan yanayi. Mun ce sakaci ne, ba mu tambayi kuɗin mota ba, ba mu tambayi ko hanyar ƙauyensu tana biyuwa ba, ba mu tambayi ko sai da ta jira izinin mijin da ya tafi ci-rani ba. Wadda ta raba abincin ledar da yayyen yaron, ba rashin hankali ya sa ta ba, su ma idonsu na kanta. Binciken Atif Rahman a karkarar Fakistan ya nuna cewa jariran da iyayensu mata ke fama da ciwon damuwa sun fi fuskantar ramewa da rashin girma. Shi ne kuma ya nuna, a 2008, cewa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba, idan aka horar da su kan hira mai tsari da masu ciki da masu jego, yawan masu ciwon yakan ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da inda ba a yi ba. Waɗannan ma'aikatan daidai suke da ɗalibaina a matsayi.

Littattafan da muke koyarwa da su kuwa, sai an riƙa karanta su da ido biyu. A 2010 Joseph Henrich da abokansa suka ja hankalin duniya cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Littafi yana ɗauka cewa uwa ɗaya ce ke rainon yaro a ɗaki ɗaya. A gidan Bahaushe akwai kaka, akwai gwaggo, akwai yaya mai goyo, ɗan fari ma uwarsa kunyar kiran sunansa take. Ɗalibin da bai yi hattara ba zai ga uwa ba ta rungumar ɗanta a gaban mutane ya rubuta cewa babu shaƙuwa. Alhali tun 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka buga bincike kan jariran Hausawa, suka nuna yaro yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu cikin masu rainonsa. Haka matakalar Maslow, da ta sa ciki a ƙasa mutunci a sama. Na ga 'yar gudun hijira ta raba tiyar gero ɗaya da maƙwabciyarta, na ga dattijo ya kwana da yunwa don kada a gan shi a layin rabon abinci. Ina koyar da Maslow, amma ina tambayar aji ko matakalar tasa ta hau daidai a Jibiya.

Kusan kowace shekara kuma wani ɗalibi yakan tsaya bayan an tashi ya ce, “Malama, anya wannan ilimin bai ci karo da addini ba?” Ina jin daɗin tambayar, don ta nuna yana ɗaukar abin da gaske. Nakan ba shi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya, wanda ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, littafi kan kula da jiki da rai tare. A ciki ya yi bayanin tsoro da fushi da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, irin na rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili a fili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara wannan sashe zuwa Turanci. Kusan shekara dubu ke tsakanin al-Balkhi da ɗakin gwajin Wundt.

A aikace, abin da nake so ɗalibi ya koya shi ne kada ya mai da ɗakin duba marasa lafiya fagen muhawara. Iyali sun ce iska ce, ko sammu. Sun je wurin malam kafin su zo wurinka, kuma za su koma bayan sun bar ka. Idan ka yi musu dariya ka rasa su. Ka ce, “Baba, a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, ga wannan kuma a haɗa, kada a tsallake ko kwana ɗaya.” Amma akwai inda ba a sassauci: ba duka, ba mari, ba hana abinci, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba dakatar da maganin mai farfaɗiya. Ba mu manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane da dama cikin sarƙa daga wani gidan mari a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare yawancinsu ba mugunta ta kai su ba, rasa wata ƙofar suka yi. Haɗa kai da masu maganin gida kuma ba sabon abu ba ne a Najeriya. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokansa suka nuna, a Ibadan da Kumasi, cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suna aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini.

Dalilin da ya sa nauyin ya faɗo kan yaran nan a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni da ke kusa da mu suna Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin asibitocin matakin farko, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958. Doka ta yi kyau, amma wanda matar Shimfiɗa za ta gani shi ne malamin asibitin unguwa. Wannan bai mai da shi likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma ina nanata musu haka. Mai jegon da ta kwana uku ba barci tana surutai, ko mai cewa yana jin muryoyi, ko matashin da kodin da tiramol suka kama har jikinsa ke karkarwa idan bai sha ba, ko wanda ya ce ya gaji da rayuwa, waɗannan a tura su gaba ranar, tare da ɗan'uwa da takarda. Nakan sa su maimaita tambayar nan mai nauyi da bakinsu har ta daina sarƙe su: “Ka taɓa tunanin ka cutar da kanka?” Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, ga wanda yake da shi kuwa sau da yawa sauƙi take kawo masa.

Ɗaliban su ma ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan Jibiya ne da Batsari da Safana da Faskari. Ranar da muke darasin razana, wata yarinya ta tashi ta fita ba ta ce komai ba, na bar ta. Da ta dawo bayan an tashi ta ce, “Malama, abin da kika kwatanta duk ni ce.” Tun daga nan nake sanar da aji tun ana saura mako abin da za mu tattauna, in kuma faɗa musu ba a tilasta wa kowa ba da labarinsa. Ka'idar ke nan a taimakon gaggawa ga wanda ya razana: ka duba, ka saurara, ka haɗa shi da masu taimako, kada ka matsa masa ya maimaita abin da ya gani. Ina kuma gaya musu tun yanzu cewa ma'aikaciyar da ke yi wa mai naƙuda tsawa ba lalle da mugun hali aka haife ta ba. Wataƙila ta yi shekaru tana kwana aiki ita kaɗai, tana rufe idon jarirai, ba wanda ya taɓa tambayar ta yaya take. Su san alamun a jikinsu: saurin fushi, jin marasa lafiya sun zame musu kaya, rashin barci. Su nemi abokin aiki da za su riƙa faɗa wa. Su kuma riƙe sirri, don a gari irin namu wadda ta gaya maka tana kuka da dare, gobe za ku haɗu a gidan suna.

A makin da ke hannuna, kaso mai tsoka yanzu daga ganawa yake fitowa. Ɗalibi ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya malamin asibiti, a yi da Hausa, in zauna gefe ina duba ko ya gaisa, ko ya katse, ko ya tambayi barci da halin gida, ko ya sa an maimaita masa bayanin magani. Ina roƙon hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma da ta ma'aikatan lafiya na al'umma su ƙara wa irin wannan nauyi a jarrabawar ƙarshe, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Makarantunmu na Katsina da Malumfashi da Kankiya da Daura suna da malamai da suka ga abin da ya fi nawa, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma tana da tsangayar ilimin lafiya, tafiyar kimanin sa'a ɗaya daga Magama. Marasa lafiyarmu ɗaya ne, yau suna wurinmu gobe suna wurinsu. Ina so a haɗa malaman ɓangarorin biyu su rubuta ƙaramin littafin misalai da Hausa, na marasa lafiyar da muke gani, ba suna ba gari, kowane misali da babin da ya dace da shi. Na fara tattara nawa, kuma duk malamin da ke da irinsu ina maraba da shi.